Idan Bos Ya Tuba, Wa Zai Fara Yarda Da Shi?

Duk wanda ya yi ƙuruciya a garin Lafiya, ko ma a kowane gari na ƙasar nan, ya san cewa a wurin yara mutanen cikin fim kashi biyu ne kawai, akwai akta, akwai bos. Akta shi ne na kirki, ba ya mutuwa ko da an harbe shi sau goma. Bos kuwa shi ne mugu, kuma tun daga farkon fim mun riga mun san ƙarshensa. Idan muka fito daga gidan kallo muka koma wasa a ƙofar gida, rigimar farko ita ce wa zai zama bos, domin babu mai son a kashe shi. A haka muka taso, kuma da yawa daga cikinmu har muka shigo jami'a da wannan ma'auni muke auna mutane. Abin da nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labari a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne yadda wani bos na cikin littafin zane da wani bos na cikin gidanmu suka rushe mini wannan lissafi, da kuma irin rawar da ni kaina na taka, wadda har yau idan na tuna nakan ji kunya.

Akwatin Kawu

A shekarar 2012, ina aji shida na firamare, Inna ta sa ni in jawo mata wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado domin ta ga alamar gara a wurin. Akwatin na ƙaninta ne, wato Kawu, wanda ya yi karatu a Jos a shekarun 1980, lokacin Lafiya tana cikin tsohuwar Jihar Filato, tun kafin gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanko mana Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. Da muka buɗe sai muka tarar da littattafan makaranta, a ƙarƙashinsu kuma ga tarin littattafan zane na kamfanin Marvel na Amurka, irin na gwanjo da ake shimfiɗawa a bakin titi. Wasu babu bango, wasu gara ta cinye gefensu. Inna ta ce a kai wa mai ƙosai ta riƙa ƙunshi da su, ni kuwa na fashe da kuka har sai da aka bar mini.

Matsalar ita ce Turancina bai kai in karanta su ba, hotuna kawai nake bi. Wanda ya zame mini tafinta shi ne Yaya. Yaya ɗan wan mahaifina ne, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, Baba ya ɗauko shi ya riƙe. Saboda haka ni dai na buɗe ido na gan shi a gidanmu, kuma ban taɓa kiran sa da wani suna ba sai Yaya. Ya girme ni da shekara takwas. Bayan sallar isha'i mukan shimfiɗa tabarma a zaure, ya riƙe tocila da hannu ɗaya, yana karantawa yana juya mini da Hausa, har da sauya murya idan magana ta zo kan bos. Tun kafin fassarar finafinan Indiya ta zama ruwan dare, ni ina da mai fassarata a zaure.

Abu ɗaya ne ke ba ni haushi da Yaya, kullum bayan bos yake. Idan na yi masa gardama sai ya ce, "Ƙanena, shi akta da sa'arsa aka haife shi. Bos kuwa ka tsaya ka tambayi abin da ya mayar da shi haka."

Mutumin Yashi

Daga cikin mugayen da ke cikin akwatin nan, wanda Yaya ya fi so shi ne Sandman, wanda muka raɗa wa suna Mutumin Yashi. Marubuci Stan Lee da mai zane Steve Ditko ne suka ƙirƙiro shi a shekarar 1963, a fitowa ta 4 ta mujallar The Amazing Spider-Man. A cikin labarin, sunansa na yanka William Baker, amma a duniyar ɓarayi an fi sanin sa da Flint Marko. Ya gudu daga kurkuku ya ɓuya a wata gaɓar teku kusa da inda ake gwajin makamin nukiliya, sai tururin gwajin ya haɗe jikinsa da yashin wurin. Daga nan ya zama idan ya ga dama ya zube ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, idan ya ga dama ya dunƙule hannunsa ya yi tauri kamar dutse. Ya addabi Spider-Man, ya kuma shiga ƙungiyar wani mugun masanin kimiyya mai suna Wizard suka yi ta fafatawa da jaruman nan huɗu da ake kira Fantastic Four.

To, a cikin akwatin Kawu akwai wata fitowa ta shekarar 1982, ta 86 a jerin mujallar Marvel Two-in-One, wadda Tom DeFalco ya rubuta. Ita ce ta fi kowace rikita ni. Ɗaya daga cikin jaruman nan huɗu, Ben Grimm, mai jikin dutse, ya sami labarin Mutumin Yashi yana wata mashaya, ya taho da shirin faɗa. Da ya iso sai ya tarar da abokin gabarsa a zaune jugum, ya gaji da duniya, ba shi da niyyar ɗaga hannu. Maimakon dambe sai suka zauna. Mutumin Yashi ya kwashe tarihinsa ya faɗa masa: yadda ubansa ya gudu ya bar shi da uwa yana ƙarami, yadda ya yi fice a wasan ƙwallo a makaranta har aka kore shi saboda ya sayar da wasa, da yadda ya zarce cikin sata. Da ya gama, Ben Grimm bai kama shi ba. Ya tashi ya tafi, ya bar shi ya je ya gyara rayuwarsa.

Na ce wa Yaya wannan littafin ƙarya ne, ina aka taɓa ganin akta ya kama bos ya sake shi? Yaya bai yi dariya ba kamar yadda ya saba. Ya kashe tocila ya ce, "Ai da ya kama shi, da shi ke nan an gama labari. Sakin da ya yi masa shi ne jarumtar." Sau uku ya sake karanta mini wannan littafi a wannan mako, ni kuwa a lokacin ban gane dalili ba.

Bos A Cikin Gida

Masu iya magana kan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaya bai gama sakandare ba. Ya fara zaman wata majalisa a bayan layinmu, daga sigari aka koma ƙwaya da maganin tari mai kodin, wanda a lokacin ake samu kamar ruwan leda, domin sai a shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Baba ya yi faɗa, ya yi duka, ya yi nasiha, duk a banza. Karatun zaure ya mutu. Da kakar zaɓen 2015 ta kama, sai masu neman yaran da za su riƙe musu gora da adda suka same su a shirye. Yaya ya zama ɗan jagaliya, har ya zama shi ne gaba a cikin yaran. Idan ya shigo layi da jajayen idanu, mata sukan janye 'ya'yansu su rufe ƙofa.

Wata rana da yamma faɗa ya kaure tsakaninsu da yaran wani ɓangare, aka biyo juna har cikin layinmu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, kowa Baba Tela yake ce masa, shi ke ɗinka mana kayan sallah tun muna yara. Ya fito zai ja ƙofar shagonsa, wani yaro da ake bi ya faɗa bayansa, shi kuma ya ɗaga hannu ya kare yaron. Saran da Yaya ya kai ya sauka a hannun daman Baba Tela. Jijiya ta yanke, yatsunsa uku suka daina lanƙwasuwa. Mai karatu ya san abin da hannun dama yake nufi ga mutumin da almakashi ne abincinsa.

Aka kama Yaya, kotu ta ɗaure shi shekara biyu da rabi. Waɗanda yake yi wa aiki ko leƙe ba su yi ba, Inna ce kawai ke ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli ta kai masa. Ni kuwa a makaranta aka daina kira na da sunana, sai ƙanin wane. Na tattara littattafan zanen nan na mayar cikin akwati na tura ƙarƙashin gado, domin ko ganin su ba na son yi.

Ya fito a ƙarshen shekarar 2017, ya rame, ya yi baƙi, ba ya haɗa ido da kowa. Baba ya ce ba zai kori ɗan ɗan'uwansa ba, amma iyakarsa ɗakin zaure. Babu wanda ya yarda ya ɗauke shi koyon sana'a. Daga ƙarshe ya sayi shebur ya bi masu lodin yashi a bakin rafi a bayan gari, domin tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Lafiya a shekarar 2011 gine-gine suka yawaita, tifofi ba sa hutawa. Da asuba yake fita, ya dawo da magariba jikinsa fari fat da ƙura. Wata rana ya tarar da ni a ƙofar gida ya yi murmushi ya ce, "Ka ga Mutumin Yashi ya dawo." Na kawar da kai ban amsa ba.

Naira 5,000

A farkon shekarar 2019 Baba ya ba ni naira 5,000 in je in yi rajistar jarrabawar JAMB. Na sa a jakata ta makaranta na rataye a zaure na shiga wanka. Washegari da zan fita na laluba, babu kuɗi babu dalilinsu. Ban yi tunanin komai ba, ban zazzage jakar da kyau ba, na shiga cikin gida na ce wa Baba, "Babu wanda ya kwana a zaure sai Yaya."

Da ya dawo da magariba Baba ya tsare shi a gaban kowa. Har maƙwabta sun leƙo, ina jin wata tana cewa ai mai hali ba ya fasa halinsa. Yaya ya dube ni ya daɗe, bai ce ya ɗauka ba, bai ce bai ɗauka ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwanin madara, ya zazzage kuɗin ciki, 'yan ɗari biyu-biyu da ɗari-ɗari duk sun yi laushi da gumi, ya ƙirga 5,000 ya ajiye a gaban Baba. Ya ɗauki sheburinsa da bargonsa ya fita. A ranar bai kwana a gida ba.

Bayan kwana uku, ina neman biro, hannuna ya zurma cikin wata ɓula a ƙasan aljihun jakar. Ga kuɗina nan a naɗe kamar yadda Baba ya ba ni, sun faɗa tsakanin yadi da shafi. Na zauna a bakin gado da naira 5,000 kashi biyu a hannuna, ɗaya sabbi, ɗaya masu warin gumi. Wallahi na yi tunanin in yi shiru, domin babu wanda zai sani. Abin da ya hana ni shi ne Inna, wadda tun da ya fita take zuba abincinsa a kwano ta rufe, da safe ta ba almajiri.

Na hau acaɓa na tafi bakin rafi. Na same shi a ƙarƙashin wata bishiya yana cin rogo. Na miƙa masa kuɗinsa na faɗa masa gaskiya, na ce, "Yaya, don Allah ka yafe mini. Me ya sa ba ka ce ba kai ba ne?"

Ya ce, "Da na faɗa wa zai yarda? Kai ma da na goya ba ka tsaya tambaya ba. Na ga gara in biya ka yi jarrabawarka, kada mu zama mu biyu a gidan nan da ba su gama makaranta ba."

Sannan ya gaya mini abin da ya fi tayar mini da hankali. Lokacin kakar zaɓen 2019 ce, kuma tsofaffin abokansa sun ji an kore shi daga gida. A daren farko suka same shi a bakin rafin da kuɗi a leda, suka ce ya dawo, ai ga shi ya gani da idonsa, ko ya shekara goma yana lodin yashi sunansa ɓarawo. Ya ce, "Ƙanena, ban karɓa ba, amma ban kore su ba. Na ce su ba ni kwana uku. Yau ne na ukun."

Na'urar Wizard

Sai da na shigo jami'a na sami damar bin sauran tarihin Mutumin Yashi a intanet, domin akwatin Kawu bai wuce shekarun 1980 ba. Ashe bayan zamansa da Ben Grimm ya tuba da gaske. Ya kama hayar ɗaki a gidan wasu bayin Allah da wani suna daban, ya sami aiki, ya riƙa taimakon Spider-Man ɗin da ya sha yunƙurin kashewa. Har shugaban ƙasa ya yi masa afuwa, kuma a shekarar 1991 aka ɗauke shi ɗan benci a babbar ƙungiyar jarumai ta Avengers. Ba shi ne farau ba, domin tun a 1965 wannan ƙungiya ta karɓi tubabbu uku a lokaci guda, wato Hawkeye da Quicksilver da Scarlet Witch. Mu ma ɗaliban Hausa mun san irin wannan a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi ta ƙulla wa juna sharri gari-gari, amma daga ƙarshe suka shirya.

Sai dai a shekarar 1999 marubutan Marvel suka mayar da Mutumin Yashi ruwa. Dabarar da suka yi ita ce, tsohon maigidansa Wizard ya kama shi ya sa shi cikin wata na'ura da ta juya masa ƙwaƙwalwa, ya koma mugu kamar da. Wato shekara goma sha bakwai na tuba suka tafi a 'yan shafuka. A ganina dalilin bai wuce kasuwa ba: masu karatu da bos suka san shi, kuma labari ba ya tafiya sai da wanda za a doka.

Ranar da na karanta wannan na daɗe ban yi barci ba, domin na gane cewa a labarin Yaya ni ne na'urar. Abokansa na da sun yi shekara guda suna zawarcinsa bai kula su ba. Magana ɗaya da ta fito daga bakina ita ce ta kai shi har bakin ramin. Mu ma a unguwanni muna da irin buƙatar marubutan nan, muna son a ce akwai wani sananne da za a nuna idan abu ya ɓace, domin hakan ya fi sauƙi a kan mutum ya zazzage jakarsa.

Ba Kowace Tuba Ba Ce Tuba

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk wanda ya ce ya tuba a rungume shi ido rufe. Mutanen Arewa sun ga abin da ya ishe su. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina a watan Disamba na 2020, ya miƙa makamai a Gusau a watan Fabrairu na 2021 har da rantsuwa da Alƙur'ani. Kafin watan Afrilu ya ƙare ya koma daji, a can aka kashe shi. A maƙwabciyarmu Binuwai ma, Terwase Akwaza da aka fi sani da Gana ya karɓi afuwa a 2015, daga baya aka koma neman sa ruwa a jallo, har sojoji suka kashe shi a watan Satumba na 2020. Haka kuma a shekarar 2023, lokacin da rundunar 'yan sandan Kano ta horar da tubabbun 'yan daba 50 a matsayin 'yan sandan sa-kai, an yi ta muhawara a gidajen rediyo, wasu na yabawa, wasu na cewa an ba kura ajiyar nama. Masu tsoron nan suna da hujjarsu, kuma duk wanda aka taɓa yi wa ƙwacen waya da wuƙa ba za a ce masa ya cika zargi ba.

Abin da zaman gidanmu ya koya mini shi ne a dubi abin da tubar ta ci wa mai ita. Akwai wanda tubarsa ciniki ce, ya ajiye makami a gaban kyamara ya karɓi abin da aka yi masa alkawari, ranar da ciniki ya lalace ya koma. Akwai kuma wanda babu wanda ya yi masa alkawarin komai, ya bar kuɗin banza ya koma cin guminsa, ya jure wulaƙanci, har ya biya bashin da bai ci ba. Na farkon a yi hattara da shi. Na biyun kuwa idan aka rasa mutum ɗaya da zai fara yarda da shi, to al'umma ce da kanta ta mayar da shi inda ya fito.

Sharaɗin Baba Tela

Yaya ya biyo ni gida a ranar. Baba, wanda ban taɓa ganin ya ba yaro haƙuri ba, ya kira maƙwabtan da suka leƙo ranar farko ya faɗa musu gaskiya a gabansa. A shekarar 2020 satar babura ta yi yawa a unguwarmu, aka yanke shawarar kafa 'yan sintiri. Yaya ya kai kansa. Nan fa aka rabu biyu, mai unguwa ya ce ba zai sa sunansa ba sai an ji ta bakin Baba Tela.

Ina wurin a ranar. Yaya ya durƙusa a gaban dattijon, ya kasa magana. Baba Tela ya ɗaga hannun nan nasa ya juya shi kowa ya gani, sannan ya dubi mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara biyar ke nan ɗana ke yanka ni ina kallo. Na yafe masa domin Allah, kuma a sa shi a sintiri, ya fi mu sanin hanyar ɓarayi. Amma ina roƙon abu ɗaya, kada ya riƙa bi ta ƙofar shagona da rana. Idan na gan shi hannun nan yakan motsa mini."

Wasu suka fara gunaguni cewa wannan ai ba yafiya ba ce. Sai limamin unguwa ya tuna mana da Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu. Da ya musulunta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa. Kuma Wahshin nan ne daga baya ya jefi Musailama da mashi a yaƙin Yamama. Liman ya ce karɓar tuba daban, warkewar ciwo daban, kuma ba a tilasta wa wanda aka cuta ya haɗa su rana ɗaya. Wannan shi ne abin da ban taɓa gani a littattafan zane ba. A can idan bos ya tuba, jarumai ne ke zama su yanke shawara, ba a komawa a tambayi mai shagon da aka rushe wa shago a shafi na biyar.

Yaya ya karɓi sharaɗin. Cikin wata biyu ya taimaka aka gano baburan 'yan acaɓa biyu, domin ya san inda ake kwance su da waɗanda ke sayen kayan. Bai sha da daɗi ba, tsofaffin abokansa suka tare shi wani dare suka bar masa tabo a kafaɗa, suna ce masa maci amana. Har yanzu kuma akwai gidajen da idan ya yi sallama sai an leƙo ta taga kafin a buɗe. Ya yi aure, yana da 'ya ɗaya, da rana yana lodin yashinsa, da dare ya ɗauki tocila da gora. Daga gidanmu zuwa bakin titi ta gaban shagon Baba Tela tafiyar minti biyu ce, amma Yaya yakan zagaya ta bayan masallaci, tafiyar kusan minti goma, kullum, ko ana ruwa. Da tsakar dare kuwa, idan layi ya yi tsit, a ƙofar wannan shagon yake ajiye bencinsa.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, kusan kowannenmu yana da irin Yaya a gidansu ko a layinsu, wanda ƙwaya ko jagaliya ta ɗauke, ya dawo yana neman hanyar shiga cikin mutane. Ban ce ku ba shi ajiyar makullin shago a ranar farko ba. Abin da nake roƙo shi ne a ba shi abin yi, a sa masa ido da adalci, a nemi yardar wanda ya cuta, kuma idan abu ya ɓace a fara bincikar jaka kafin a kira sunansa. Ni na ci jarrabawata da kuɗin da Baba ya ba ni, amma saura ƙiris rashin bincikena ya mayar da mutum cikin halaka.

Akwatin Kawu yana ɗakin Yaya yanzu. Da na je hutun da ya wuce na tarar da shi a zaure da 'yarsa a cinya, yana nuna mata hotunan nan da gara ta ci gefensu, yana sauya murya kamar da. Ta nuna Mutumin Yashi da yatsa ta tambaye shi ko wannan shi ne bos. Ya ce mata, "Bari mu kai ƙarshe tukuna."

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya kuma ba mu ikon karɓar wanda ya shiryu.